Doli ko lif: yaya kuke matsar da motar da ba ta tashi a garejin gida?

Mai_W123:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da wata tsohuwar Marsandi W123 da nake gyarawa kaɗan-kaɗan a garejin gida, yau kusan shekara biyu kenan, injin bai tashi ba tukuna, birkin baya na hagu kuma ya kame, tayar ko motsi ba ta yi. Babbar damuwata wuri ne. Faɗin garejin mita 4.5, tsawo mita 6, motar ta zauna a tsakiya ta cinye ko'ina, wadda nake hawa kullum sai dai ta kwana a waje. So nake in riƙa tura Marsandin ta manne da bango idan ba aiki nake ba, ranar aiki kuma in dawo da ita tsakiya, ni kaɗai ba sai na tara mutane ba. Wasu sun ce in nemi doli, wato 'yan ƙananan kurar nan masu ƙafa huɗu da ake ɗora kowace taya a kai, wasu kuma sun ce ɓata kuɗi ne, in daure in tara in kafa lif, wato na'urar ɗaga mota sama, gaba ɗaya. Don Allah waɗanda suka taɓa amfani da su me kuka gani?

BakanikenGida:
Wa alaikumus salam. Malam abin da ka faɗa aikin doli ne ba na lif ba. Lif sama yake kai mota, ba ya kai ta gefe. Ka sa guda huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, birkin da ya kame ma ba ruwanka da shi tunda ba tayar motar ce za ta juya ba. Ko sitiyari a kulle yake babu makulli haka za ka tura ta gefe, har ka juya ta a inda take.

Fijo504:
Gaskiya ne amma ka fara duba ƙasan garejin kafin komai. Ni na sayi doli da murnata, ashe daɓen nawa duk tsaga ne da 'yan ramuka, ƙafafun dolin kuma ƙanana ne, da sun faɗa tsaga shikenan mota ta kafe, ka tura ka tura kamar kana tura gini. Ɗan tsakuwa guda ɗaya tak ya isa ya tsayar da mota mai tan ɗaya da wani abu. Yanzu kafin in taɓa ta sai na share wurin tas, har da ƙarƙashin motar.

Mai_W123:
@Fijo504 nawa daɓen siminti ne mai santsi, tsaga ɗaya ce doguwa wajen tsakiya amma ba ta buɗe sosai ba.

Injiniya_S:
Bari mu yi lissafi tukuna don kada a saya a makance. W123 nauyinta wajen kilo 1,400 ne, ya danganta da injin da ke ciki, mai dizal ta ɗan fi nauyi. Mutane sai su raba huɗu su ce kilo 350 kowace taya, amma ba haka nauyin ya rabu ba, gaba ya fi nauyi saboda inji da giyabos, kowace tayar gaba za ta iya ɗaukar kusan kilo 400. Dolin da aka fi samu ana rubuta musu fam 1,000 ko fam 1,500 kowane ɗaya, wato kusan kilo 450 ko 680. Mai 450 zai ɗauka a takarda, amma yana gab da iyakarsa, kuma lokacin da ƙafa ɗaya ta hau tudu ko ta faɗa tsaga nauyin ba ya rabuwa daidai a kan huɗun, biyu ne suke shan wahalar. Ni dai mai 680 zan ɗauka. Sannan ka karanta da kyau, wani adadin da ake bugawa a kwali na guda biyu ne a haɗe ba na ɗaya ba.

Dan_Walda77:
Ni fa nawa da hannuna na haɗa, ƙarfen kwana da faranti mai kauri, na lanƙwasa tsakiyar yadda taya za ta zauna kamar a kwano. Jikin dolin ba ya ba da matsala, ƙafafun su ne komai. Na farko da na sa irin na teburin ofis ne manya, ranar da na sauke mota a kai ban ko tura ba biyu suka baje. Sai da na nemo masu boris a ciki, na ƙarfe, sannan abin ya yi. Idan za ka haɗa da kanka to kuɗinka ya tafi kan ƙafafu, kada ka yi ƙwauro a nan.

Ummu_Haidar:
@Dan_Walda77 na ƙarfe suna gudu da kyau amma suna cin daɓe, musamman idan an yi wa ƙasan fenti, za ka ga layi-layi duk inda suka bi. Mu masu roba mai tauri muke amfani da su, sai dai su kuma idan mota ta daɗe a kai wata da watanni suna ɗan lotsewa ta gefe ɗaya, turawar farko ta yi nauyi. Kowanne da nasa.

Dan_Walda77:
Haka ne Hajiya, nawa ƙasan ba fenti shi ya sa ban damu ba.

TsohonDireba:
Yara ku saurara, akwai abin da ba wanda ya ambata kuma shi ne ya fi komai haɗari. Gangare. Yawancin gareji ana ɗan karkata ƙasansa zuwa ƙofa don ruwa ya fita, ido ba ya gani. Mota tana kan tayoyinta birkin hannu yana riƙe ta, giya tana riƙe ta. Da ka ɗora ta kan doli huɗu babu sauran birki, ko ka ja na hannu har ƙarshe aikin banza ne. Ni ya faru da ni, na ɗora ta huɗun, ina sauke jak daga tayar ƙarshe sai na ga bangon yana tafiya, ashe motar ce ta fara sulalewa a hankali zuwa ƙofa. Na zagaya da gudu na sa kafaɗa, ta tura ni taku uku kafin bambar baya ta daki ƙofar gareji ta lotsa ta. Da jikana yana wasa a wurin kamar yadda ya saba, ban san me zan ce ba yau. Tun ranar ba na sauke jak sai na sa waigi a ƙafafun dolin biyun farko.

SabonShiga_22:
Subhanallah. Baba Allah ya ƙara tsarewa. To yaya mutum zai gane garejinsa na da gangare?

TsohonDireba:
Amin ɗana. Ajiye ƙwallo ko ɗan guntun bututu a ƙasa ka ga inda zai nufa. Ko ka zuba ruwa kofi ɗaya.

Injiniya_S:
Abin da Baba ya faɗa lissafi ma ya tabbatar. Idan ƙasa ta sauka santimita 2 a kowace mita, mota mai kilo 1,400 tana jan kanta ƙasa da ƙarfin kusan kilo 28. Kamar ba yawa, amma doli mai boris mai kyau ba ya buƙatar fiye da haka sosai kafin ya motsa, kuma idan ta riga ta ɗauki tafiya ba kilo 28 kake tarewa ba, nauyin motar gaba ɗaya kake ƙoƙarin tsayarwa. Akwai doli masu makulli a ƙafa, a taka a kulle, su suka fi. Kuma kada mutum ya taɓa tsayawa tsakanin mota da bango yana jawo ta.

Oga_Lif:
Ni dai ra'ayina daban. Duk wanda yake gyaran tsohuwar mota da gaske ƙarshenta lif zai koma, to me zai sa ya yi ta zagaye-zagaye. Mai ginshiƙi huɗu ka samu, ka hau da Marsandin ka ɗaga ta sama ka kulle, motar hawanka ta shige ƙarƙashi ta kwana. Matsalar wuri ta ƙare, ga kuma sauƙin aikin salansa da farfela da duk abin da ke ƙasa, kana tsaye ba kwance a kan kwali ba. Da yawansu ma ba dole sai an ɗaure su da ƙasa ba, har ƙafafun turawa ake sayar da su da shi, ka matsar da lif ɗin inda kake so idan ba mota a kai.

BakanikenGida:
@Oga_Lif oga ka tambaye shi tsayin silin ɗinsa tukuna.

Mai_W123:
Yanzu na je na auna, mita 2.6 daga ƙasa zuwa silin, kuma ƙofar irin mai naɗewa sama ce, akwatinta ya ɗan sauko ƙasa da haka.

Injiniya_S:
To maganar jera mota kan mota ta faɗi. W123 tsayinta ya haura mita 1.4 kaɗan, ta ƙasan ma a ce haka, ka ga an doshi mita 2.9 tun ba a sa kaurin dandamalin da tayoyi ke hawa ba, sannan dole a bar sarari a sama domin kafin ka sauke lif sai ka ɗan ƙara ɗaga shi makullan su saki. Ƙasa da mita 3.2 ni ba zan ma fara ba.

Oga_Lif:
Na yarda, 2.6 ba za ta yi ba. Amma har yanzu ina kan bakana cewa doli ba ya gyara mota, matsar da ita kawai yake. Ranar da zai sauke giyabos zai tuna da maganata.

kwaro_1972:
Tunda an shigo maganar lif bari in faɗi nawa. Mai ginshiƙi biyu gare ni, kuma don aikin taya, birki, shokozoba, babu kamarsa saboda tayoyin a sake suke suna lilo. Amma shi ba a wasa da ƙasansa. Duk nauyin motar a kan kankare yake, notin da aka dasa a cikinsa ne ke riƙe ginshiƙan, su kuma kullum so suke su rusuno ciki. Littafin nawa ya ce kankare kada ya gaza inci 4, wato santimita 10, mai ƙarfin PSI 3,000 (PSI ma'aunin matsin da kankare ke iya jurewa ne), kuma kada a dasa noti kusa da tsaga ko bakin daɓe. Da na huda nawa don in gani, santimita 6 na samu, ƙarƙashi yashi. Dole na fasa wurin na haƙa na zuba sabon kankare da rodi na jira kwana 28 ya yi ƙarfi kafin na kafa. Wanda ya ce maka daɓe daɓe ne kawai ka ɗaura, ba ya ƙaunarka.

SabonShiga_22:
Kwana 28 kuma? Ba sati ɗaya ya bushe ba?

kwaro_1972:
Bushewar sama daban, ƙarfin ciki daban. A kwana 28 ake auna ƙarfin kankare. Kuma notin da sifana mai auna ƙarfi ake ɗaure su daidai yadda littafi ya ce, ba da bindigar iska ba, sannan a riƙa komawa ana duba su lokaci-lokaci.

Fijo504:
Wani abu game da mai ginshiƙi biyu da na gani da idona a garejin wani abokina. Ya ɗaga mota daidai, hannuwan huɗu duk a inda ya kamata, sai suka sauke aksul ɗin baya gaba ɗaya da sifirin da komai. Nauyin baya na barin motar sai gaba ya rinjaya, muka ga gindinta ya ɗaga daga kan robar hannun baya kusan faɗin yatsa biyu, tana rawa. Kowa ya yi tsit. Da sauri aka kawo doguwar dirka ta ƙarfe aka tokare gaban. Tun daga nan na san duk lokacin da za a cire abu mai nauyi, inji ko giyabos ko aksul, sai an tokare ɗaya ɓangaren tun kafin a kwance noti na farko.

kwaro_1972:
Wannan gaskiya ne, ni da nake da Volkswagen Beetle abin a juye yake, inji a baya, don haka tsakiyar nauyinta ba inda aka saba ba ne. Kowace mota sai ka san inda nauyinta ya taru kafin ka sa hannuwan lif. Kuma bayan ka ɗaga ka sauke ta ta zauna kan makullan ƙarfe, kada ka bar ta rataye a kan man haidirolik kaɗai, tiyo ɗaya ya fashe shikenan.

Ummu_Haidar:
Mun yi nisa fa, bawan Allah tambayarsa yadda zai manna mota da bango. @Mai_W123 akwai doli iri biyu. Akwai na kwano wanda sai ka ɗaga kowace taya da jak ka tura shi ƙarƙashi ka sauke, sau huɗu kenan. Akwai kuma mai feda irin su GoJak, shi rungumar tayar yake ta gaba da baya da wasu rodi masu juyawa, kana taka fedar yana matse ta har ta bar ƙasa, ba ruwanka da jak, cikin 'yan mintuna ka gama huɗun. Idan motar za ta zauna a kai dindindin na kwano ya ishe ka, sau ɗaya za ka sha wahalar. Mai feda na wanda yake ɗorawa yana saukewa kullum ne ko mai motoci da yawa, kuma ka duba faɗin tayar da yake iya runguma.

Mai_W123:
Na gode Hajiya, wannan bambancin ban san shi ba. Dindindin nake so ta zauna. Amma zaman ba zai lalata tayoyin ba?

BakanikenGida:
Taya in ta daɗe a waje ɗaya tana yin shafaffen gefe ko a ƙasa take ko a doli. Na kwano ma ya ɗan fi sauƙi tunda ya bi zagayen tayar. Ka dai riƙa duba iska, don in ta sace a kan doli motar za ta karkata nauyi ya koma gefe. Ni tsofaffin tayoyi nake sa wa motar aiki, sababbin sai ranar da za ta hau titi.

SabonShiga_22:
Tambaya don Allah, idan tana kan doli ai ta ɗan ƙara tsayi, mutum zai iya leƙawa ƙarƙashi ya yi ɗan aiki ko?

TsohonDireba:
A'a. Ko kusa. Abin da aka yi shi don ya gangara ba a shiga ƙarƙashinsa. Kana jan sifana da ƙarfi motar za ta biyo ka. Za ka shiga ƙasa, sauke ta daga doli, ɗora ta kan jakin tsaye na ƙarfe masu ƙafa, waigi a tayoyin da suka rage a ƙasa, ka girgiza ta da hannu biyu ka ga ba ta motsi. Ba jak kaɗai ba, ba bulo ba. Bulo ba ya gargaɗi, fashewa kawai yake.

Dan_Walda77:
Kuma kada a ɗora jakin tsaye a kan doli don an cire tayoyi, na ga masu yi. Dogon abu a kan abu mai gudu, ƙafa ɗaya ta ci karo da tsaga doli ya tsaya mota ta ci gaba. In motar ba ta da ƙafafu sam, a haɗa mata kura guda ɗaya babba mai firam, wadda za a ɗaure ta da noti a jikin shasi, ta zama abu ɗaya da motar.

kwaro_1972:
Irin ta na yi wa bodin Beetle ɗina lokacin da na raba shi da farantin ƙasa, ita ai noti ne ya haɗa su, ka kwance ka ɗage bodin. Shawara ɗaya, in tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, a yi waldar ƙarfe a gicciye a bakin kowace ƙofa kafin a ɗaga, in ba haka ba bodin zai murɗe, ranar mayar da ƙofofi su ƙi rufuwa.

Oga_Lif:
To ga tsaka-tsaki tunda silin ya hana. Akwai lif mai almakashi da ke ɗaga mota kamar mita 1.2, akwai kuma irin QuickJack, firam biyu ne da ake turawa ƙarƙashin gefe da gefe su ɗaga ta wajen rabin mita, in ka gama ka jingine su a bango. Da silin 2.6 da mota mai 1.4, mita ɗaya da 'yan kai ne sararinka, ka ga rabin mita ya shiga ba fargaba. Ka haɗa da doli, ɗaya na matsarwa ɗaya na ɗagawa.

Fijo504:
Mai almakashi matsalarsa yana tare tsakiyar motar, daidai inda farfela da salansa suke, kuma ko a kwance yake yana da tudu, zai hana shi tura mota gefe a kan doli. Ga nauyi. A gareji mai mita 4.5 zai zame masa kaya.

Oga_Lif:
Shi ya sa na ambaci na biyun ai, shi tsakiya a buɗe take.

Injiniya_S:
Mu koma kan faɗi. W123 kusan mita 1.8 ce, ta hawan ma a ce haka, 3.6 kenan cikin 4.5, saura santimita 90. Ka tuna doli yana ɗan fitowa waje da taya, don haka ba za ta manne da bango ƙam ba, ka cire kamar santimita 10 zuwa 15 a nan. Abin da ya rage zai ishe ka buɗe ƙofar direba in ka faka ɗayar ita ma kusa da nata bangon, amma da ƙyar. Ka liƙa tsohon kafet ko katako a bangon daidai tsayin jikin motar.

Ummu_Haidar:
Kuma wajen turawa, ƙafafun dolin sai sun juyo sun fuskanci inda za a je, shi ya sa turawar farko ta fi wuya, guda goma sha shida ne kowacce na kallon nata wajen. Ka ɗan girgiza motar gaba da baya su daidaita, sannan ka tura gaba kaɗan, ka zagaya ka tura baya kaɗan. Hannunka a kan taya ko ginshiƙin ƙofa, ba tsakiyar ƙofa ko fenda ba, in ba haka ba ka ƙara wa mai gyaran bodi aiki.

Mai_W123:
Na gwada ƙwallon da Baba ya ce, ta gangara zuwa ƙofa, ba da gudu ba amma ba ta tsaya ba sai da ta taɓa ƙofar. Ita kuma tsagar da na faɗa, na duba a tsaye take daga ciki zuwa ƙofa, ma'ana dolin gefe ɗaya dole su tsallaka ta duk lokacin da zan kai motar bango. Yanzu tunanina in cike tsagar tukuna, in nemi na kwano masu 680 da makulli, maganar ɗagawa kuma in bar ta sai na zo kan giyabos.

TsohonDireba:
Tunda akwai gangare ka dasa wani katako mai kauri a ƙasa ta wajen ƙofa, ko waigi ya kuɓuce akwai abin da zai tare. Kuma ranar farko kada ka yi kai kaɗai, ka samu mutum ɗaya ya tsaya ta gefe.

Fijo504:
Da me za ka cike tsagar? Siminti zalla ba ya zama a siririyar tsaga, nawa ƙafar doli ta bi ta kai sau uku ya farfashe ya fito.

Dan_Walda77:
Ni faranti siriri na ƙarfe nake shimfiɗawa a kan tawa in zan wuce, in na gama in ɗauke.

Fijo504:
Bakin farantin ba ya tare ƙafar? Kaurin nawa ne naka?